Riƙon Aji ga Ɗalibin Malanta: Bayani Bisa Makarantun Ƙasar Magami da Kewayenta

1. Gabatarwa

Kowace shekara, kadan lokacin gwajin koyarwa ya yi, a kan ga samari da 'yan mata sun fito daga kwalejojin horar da malamai, watau irin Kwalejin Ilimi ta Jiha da ke Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, kowa riƙe da takardar da zai miƙa wa wani hedimasta. Waɗansu a bar su cikin birnin Gusau, waɗansu su nufi Bungudu ko Kwatarkwashi, waɗansu Tsafe, waɗansu kuwa, ko yanzu ko bayan sun ƙare, aiki zai kai su ƙauyuka irin Wanke da Magami, bisa hanyar Ɗansadau. Sun yi shekara biyu suna karatun yadda a ke koyarwa. Amma in ka tambayi ɗayansu abin da ya hana shi barci daren da zai fara shiga aji, da wuya ya ambaci lissafi ko nahawu. Abin da zai ce maka shi ne, "In na shiga yaran nan suka ƙi yin shiru fa?"

Wannan tambaya ita ce asalin wannan takarda. Abin da mu ke nufi da riƙon aji shi ne dukan dabarun da malami ya ke yi domin yara su natsu, hankalinsu ya taru ga abu guda, lokacin darasi kuma ya tafi ga karatu. Tun da ya ke nazarin harshe ne aikinmu, za mu fi dubawa ta wajen maganar malami, gama a ganinmu mafi yawan riƙon aji da baki a ke yinsa, sa'an nan ido, sa'an nan ƙafa. Bulala ita ce ta ƙarshe duka, kuma ita ce mafi rauni.

2. Asalin gwajin koyarwa

Horar da malaman boko ya daɗe a ƙasar nan. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina domin ta fid da malamai, kuma daga cikinta ne su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito, kowannensu sai da ya riƙe alli kafin ya riƙe wani abu. Ƙasar Zamfara ma tana da nata rabo, domin a kwalejin horar da malamai ta Maru ne Malam Aminu Kano ya yi aikinsa na ƙarshe na malanta kafin ya ajiye a 1950. A 1976 Gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika makarantu, malamai suka kasa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara domin a ƙara yawansu da saninsu. Daga baya aka tsai da cewa takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da mutum zai shiga aikin malanta da ita, a 1989 kuma aka kafa hukumar da ke kula da kwalejojin ilimi.

A tsarin waɗannan kwalejoji, kafin a tura ɗalibi makaranta sai ya yi ɗan gwaji gaban 'yan'uwansa, ya koyar da su na 'yan mintoci, su kuwa su yi kamar yara. Wannan dabara daga Jami'ar Stanford ta Amurka ta fito a 1963, kuma tana da amfani. Amma fa mai karatu ya lura da abu guda: abokan karatunka manya ne, suna son ka ci, su ma suna jiran nasu layi. Ba wanda zai tsunguli na kusa da shi, ba wanda zai yi kuka don an sace masa fensir. Saboda haka ɗalibi ya kan fito da sanin yadda a ke jera darasi, amma riƙon aji sai ya je can zai koya, gani ya kori ji.

3. Ajin da zai tarar

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. Ɗalibin da ya je ƙasar Magami, ko unguwannin bakin Gusau, ko Tsafe, kada ya sa ran wannan lissafi. Wani aji zai tarar da shi maƙil, waɗansu bisa benci, waɗansu a ƙasa, domin rashin zaman lafiya ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa manyan garuruwa, da su da 'ya'yansu. Wani ajin kuwa yau ya cika, gobe rabi, don ranar kasuwa ce, ko shuka, ko an shiga yankan gero da dawa. Zai ga ɗan shekara takwas da ɗan shekara goma sha uku a benci guda, gama babban ya yi shekaru ba ya zuwa. Ba mu manta ba, a ran 26 ga Fabrairu 2021 ne aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a watan Satumba na wannan shekara kuma, bayan abin da ya auku a Kaya ta ƙasar Maradun, Gwamnatin Jiha ta rufe makarantu duka har wani lokaci. Yaron da ya dawo bayan irin wannan hutu ya manta zaman aji, sai an sake koya masa.

To, ga abin da ya sa batun nan ya ke da nauyi. A ce darasi minti 35 ne, a ce kuma kowane darasi minti 10 na tafiya wajen tsawa da neman alli da raba faɗa. In darasi shida ne a yini, an yi hasarar awa guda. A mako awa 5 ke nan, a zangon mako 12 kuwa awa 60. Uban da ya hana kansa taimakon ɗansa a gona, ya kuma danne tsoron da ke zuciyarsa ya sake shi ya tafi makaranta, in ya ga shekara ta juyo yaron bai iya rubuta sunansa ba, lalle zai janye shi, kuma ba mai ganin laifinsa.

4. Makon farko

Wata masaniya Ba'amurkiya, Frances Fuller, ta bayyana a 1969 cewa damuwar sabon malami hawa-hawa ce. Da fari kansa ya ke ji: shin yara za su raina ni? Daga nan ya koma ga aikin: shin zan ƙare darasi kafin ƙararrawa? Sai daga baya ya ke kai ga tambayar da ta fi duka: shin yaran nan sun koyi wani abu? Kada ɗalibi ya ji kunyar hawan farko, kowa ta nan ya bi. Abin da a ke so shi ne kada ya daɗe a wurin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ya tsaya gaban allo, sai ya roƙi hedimasta ya bar shi ya zauna bayan aji kwana biyu ko uku, ya ga yadda malamin ajin ya ke yi, ya gane wane yaro ne sauran su ke kallo kafin su yi dariya, wace yarinya ce ba ta ganin allo. Sa'an nan ya karɓi rajista ya shiga haddar sunaye. A ajin da a ke da Muhammadu biyar da A'ishatu huɗu, sai ya nemi sanin laƙabin da a ke kiran kowa da shi a gida, ko ya haɗa da sunan uba. Yaron da ya ji an ce "kai, mai jar hula" ya san ba a san shi ba, gobe in ya sake hula ya tsira. Wanda aka kira da sunansa kuwa ya san an riƙe shi.

Dokoki kada su wuce huɗu ko biyar, kuma a gwada su a aikace tun ranar farko: yadda a ke shiga, yadda a ke fita tara, yadda a ke neman izinin magana, yadda a ke tara littattafai. In yara suka shigo da turereniya, a mai da su waje su sake shigowa, ba tare da faɗa ba, ko sau uku ne. Minti goman da aka kashe a nan ranar Litinin za su biya kansu kafin Jumma'a.

5. Harshen umarni

A nan ne mu ke so mu daɗe kaɗan, domin Hausa tana da hanyoyi da dama na sa mutum ya yi abu, kuma kowace da nauyinta. Duba waɗannan:

Zauna!
Ka zauna. Ki zauna.
Ku zauna.
A zauna.
Mu zauna.
Sai ku zauna.

Ta farko ita ce tsagwaron umarni, aikatau ne shi kaɗai ba wakilin suna, kuma ga mutum guda a ke faɗinta. Tana da kaifi, don haka a ajiye ta sai wurin da ya kamata, kamar yaro ya ɗauki dutse zai yi jifa. Ta biyu ta fi laushi, tana kuma nuna namiji ne ko mace. Ta uku ta jam'i ce, ita ce sababbin malamai suka fi yawan amfani da ita, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa. In malami ya ce "Ku yi shiru!" ga yara sittin, kowane yaro ya kan ɗauka da sauran hamsin da tara a ke. Ta huɗu, watau "A zauna", ba ta nuna kowa da yatsa. Ita ce maganar dattijo a taro, ta liman kafin salla, kuma yaran ƙasar Hausa sun saba jin girma a cikinta tun daga gida. Ta biyar tana sa malami cikin abin, tana da kyau ga ƙananan aji: "Mu ɗauki fensir, mu dubi allo." Ta shida kuwa tana ɗauka an riga an yarda, saura aikatawa, don haka ta fi dacewa bayan an ƙare wani aiki za a shiga wani.

Malamin da ya san waɗannan ya sami tsani. Ya fara daga "A natsu", ya dakata. In saura mutum biyu ba su bari ba, ya kira sunan ɗaya, murya ƙasa, ya ce, "Wane, ka dubi allo." Ba safai ya kan buƙaci hawa na sama ba. Wanda ya fara da tsawa kuwa, ran da tsawa ta daina aiki, ba shi da sauran abin hawa sai bulala.

Akwai kuma maganganu uku da ya kamata ɗalibi ya kiyaye bakinsa daga gare su. Ta ɗaya, tambayar da ba amsa a ke nema da ita ba, kamar "Wa ke surutu a nan?" A siffa tambaya ce, a nufi umarni ne, amma yara su kan ɗauke ta bisa siffarta, sai hannu goma su tashi, "Malam, wane ne!", "Ƙarya ne, malam, shi ne!", surutun ya ninka. Ta biyu, hani ba tare da faɗin abin yi ba. "Kada ku yi wasa" ta rufe ƙofa guda ta bar tara a buɗe. "Kowa ya rubuta layi uku na farko" ta nuna ƙofa guda da za a bi. Ta uku, alkawarin horon da ba za a cika ba, kamar "Wanda ya ƙara magana zan kore shi daga makarantar nan." Yara sun san ɗalibin malanta ba shi da ikon korar kowa, in kuwa suka kama shi da faɗin abin da ba ya aukuwa sau biyu, duk sauran maganarsa ta yi araha. Magana zarar bunu ce.

Har wa yau, a kula da jerin magana. In malami ya ce, "Ku fito da littattafanku, ku buɗe shafi na goma, ku amsa tambaya ta ɗaya zuwa ta biyar, amma kada ku yi ta uku," tun daga kalma ta huɗu ƙarar jakunkuna ta rufe sauran. Sai ya fara faɗin aikin, ya sa yaro ɗaya ya maimaita, ya rubuta a allo, daga ƙarshe ya ce, "To, a fito da littattafai." Kalmar da ke sa jiki motsi ita ce za ta zo a ƙarshe.

6. Tambaya da amsa

A 1975 waɗansu masana harshe biyu na Jami'ar Birmingham a Ingila, Sinclair da Coulthard, suka nazarci maganar aji, suka ga mafi yawanta ƙafa uku gare ta: malami ya yi tambaya, yaro ya amsa, malami ya yanke hukunci bisa amsar. A azuzuwanmu ƙafar tsakiya sau da yawa ta taro ce. Malami ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa, "E, malam!" Ya ce, "Akwai tambaya?" Su ce, "Babu, malam!" Wannan gaisuwa ce kawai, kamar "Ina gajiya?" da "Ba gajiya." Yaron da aka yi wa tarbiyya ba zai dubi babba ya ce bai gane bayaninsa ba. In malami yana son ya san gaskiya, sai ya ba da abin yi: "Kowa ya rubuta kalma guda mai harafin ɗ, ya ɗaga in gani."

Amsar taro tana da wurinta, wajen hadda da maimaita furuci, kuma tana farkad da masu gyangyaɗi. Aibinta shi ne tana ɓoye wanda bai iya ba, yana motsa baki kawai. Saboda haka a gauraya ta da ta ɗaiɗai, a kuma yi tambayar kafin a kira suna, domin kowa ya yi tunani. Wata masaniya, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba su kan jira fiye da kamar daƙiƙa guda bayan tambaya ba, in kuwa suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi su kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙara yawa. Wannan ya fi ƙarfi a wurinmu, inda kunya ke riƙe harshen yara, balle 'yan mata gaban malami namiji. Yarinyar da ta sunkuyar da kai sa'ad da a ke mata magana ladabi ta ke yi. Kada a ce mata, "Dube ni in ina magana."

7. Karin harshe da Turanci

Yaron Magami ko Bungudu da Hausar yamma ya tashi. Zai ce "abin da munka yi jiya", zai ce "yat tahi gona", zai ce "wanga littafi nau na", zai tambaya "mi kac ce?" Littafin da ke hannunsa kuwa da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, wadda aka gina galibi bisa karin Kano, aka kuma yi ta gyaran ƙa'idojinta tun zamanin Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955. Malamin da ya zo daga wani wuri, ko ɗan ƙasar da ya yi karatu ya fara jin kunyar karin gidansu, in ya yi dariyar "munka", ya koya wa aji duka cewa maganar iyayensu abin dariya ce. Yaron zai yi shiru har ƙarshen zango, ko kuwa ya rama ta wata hanya. A ilimin harshe ba karin da ya fi wani daidai. Abin da za a ce wa yaro shi ne, "Haka mu ke faɗi, a rubutu kuwa 'muka' a ke sawa." Haka nan ɗan Fulani da Hausa ba ita ce ta gidansu ba, a zaunar da shi kusa da wanda zai taimake shi.

Game da Turanci, manufa ta sha sauyawa. Ta 1977 ta ce a fara koyarwa da harshen gida ko na wurin a farkon firamare, a 2022 aka ce a kai shi har shekara shida, a watan Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi na Tarayya ya ba da sanarwar a koma ga Turanci. Ɗalibi zai bi abin da hukumar makaranta ta ce. Amma ya sani, yaron da aka yi wa minti talatin ana magana da harshen da ba ya ji, dole hannunsa da ƙafarsa su nemi abin yi. Rabin abin da a ke kira rashin kunya a irin wannan aji rashin fahimta ne.

8. Ido da ƙafa

Jacob Kounin, wani masani a Amurka, ya ɗauki hotuna masu motsi na azuzuwa da yawa, ya buga sakamakon a 1970. Ya tarar malaman da ajinsu ke da natsuwa ba su fi sauran iya horo bayan an yi laifi ba. Inda suka fi su shi ne hana laifin tasowa. Irin wannan malami yara sun tabbata yana ganin kowane lungu, yana iya duba littafin yaro guda alhali kunnensa na ga sauran, kuma ba ya barin giɓi tsakanin wannan aiki da wancan.

Ma'anar wannan ga ɗalibi ita ce, kada ya ba aji baya ya yi minti biyar yana rubutu. Ya zo da wuri ya rubuta abin da ya ke dogo kafin yara su shigo, in kuwa tilas ne, ya tsaya a karkace, ya rubuta layi ya juyo. Ya bar hanya tsakanin masu zama, ko a ƙasa su ke, domin ya iya kaiwa bangon baya. Sau da yawa tsayawa kusa da mai surutu, ana ci gaba da bayani, ta ishe shi. Kuma ya tanadi ƙarin aiki ga masu saurin ƙarewa, gama fitina ta fi tasowa daga mai ƙoƙarin da ya gama ya rasa abin yi.

9. Aji mai yawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1798 wani Bature, Joseph Lancaster, ya buɗe makaranta a Landan inda manyan yara ke koya wa ƙanana, har abin ya yi suna. Mu kuwa ba sai mun je Landan ba. A makarantar allo malami guda ya kan riƙe almajirai masu yawa, kowa da inda karatunsa ya tsaya, domin gardawa suna biya wa ƙanana, shi kuwa yana bisa buzunsa yana jin kowa. Yaran Magami sun san wannan tsari tun kafin su san boko. Sai ɗalibi ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugaba mai raba littattafai da duba an yi aiki. Babban yaron nan ɗan shekara goma sha uku, wanda ke jin kunyar zama da ƙanana, in aka ba shi aiki ya kan zama na hannun daman malami, in aka ƙyale shi ya zama sarkin 'yan baya. Sharaɗi guda ne: kada a ba monita bulala, kada kuma a mai da shi mai rubuta sunayen masu surutu kawai, don wannan na haifar da gaba da cin hanci na ƙosai da gyaɗa.

10. Bulala

Za a sami wanda zai ce wa ɗalibi, "Yaran ƙauye ba su jin magana sai da dorina." Wannan magana tsohuwa ce, amsarta ma tsohuwa ce. Ibnu Haldun, cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali guda ga cutarwar tsanani ga masu koyo, inda ya nuna cewa yaron da aka rena da duka ya kan koyi ƙarya da wayo da kasala, don tsoron hannun da ke kansa. Bulala tana sayen shiru na minti biyar, amma ba ta sa abu ya shiga kai, kuma kullum sai an ƙara yawanta kafin ta yi aikin jiya. Balle ɗalibin malanta baƙo ne a makarantar, in ya ji wa ɗan wani ciwo, shi kaɗai zai tsaya gaban uban. Yaron da ya gagara, a yi masa magana a keɓe bayan an tashi, a tambayi dalili. Mai yawan makara watakila shi ke kai dabbobi kiwo kafin ya zo, mai barci watakila a daji suka kwana. Abin da ya fi ƙarfin ɗalibi, ya kai ga malamin aji da hedimasta, su suka san iyaye da mai unguwa.

11. Ranar firgita

Akwai abin da littattafan ƙasashen waje ba su faɗa ba, amma malamin wannan ƙasa tilas ya shirya masa. Wata rana za a ji ƙarar babura, ko wani ya leƙo ta taga ya ce ga su nan. Ko gaskiya ne ko jita-jita, yara sittin da suka ruga ƙofa guda za su tattake juna. Tun makon farko ɗalibi ya tambayi hedimasta abin da aka shirya: ta ina a ke fita, ina a ke taruwa, wa a ke sanarwa. Rajista ta kasance a hannunsa kullum, ya san yawan waɗanda suka zo yau. A irin wannan sa'a ne amfanin duk abin da muka faɗa ke bayyana, domin ajin da ya saba jin "A tashi, layin farko su fita" cikin murya mai natsuwa zai bi ta ko a cikin tsoro, wanda kuwa bai san komai ba sai tsawa, ba zai rarrabe tsawar yau da ta jiya ba.

12. Kammalawa

Malaman kwaleji za su zo dubawa, su zauna bayan aji su ba da maki. Kada ɗalibi ya shirya wa wannan rana wasan kwaikwayo, ya koya wa yara amsoshi tun jiya, gama mai dubawa da ya san aiki zai gane. Abin da ya fi masa amfani shi ne ɗan littafi da zai riƙa rubuta abu uku kowace yamma: wane lokaci ne aji ya kuɓuce mini, me na faɗa kafin haka, me zan faɗa gobe. Ga kwalejoji kuma muna ba da shawara a sa nazarin maganar aji, da Hausa, cikin abin da a ke koya wa ɗalibai kafin su fita, domin da ita za su yi aikin. Muna kuma fata waɗansu daga cikin ɗaliban wannan Sashe za su je makarantun Gusau da Tsafe da Bungudu su rubuto maganar malamai da yara yadda ta ke fita daga bakinsu, domin a sami abin gina bincike a kai. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba ƙasar Zamfara lafiya, ya sa wa malamanta da yaranta albarka, amin.